Me Kwamfutar Ta Ce?

Sau uku aka yi wa kwamfutata formatin, wato a goge komai a sake girka tsarin, cikin shekara biyu, kuma a karo na ukun ne na yi asarar da har yau nake jin zafinta. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a Tudun Wadan Zariya. Duk tambayoyin jarrabawar da na tsara tun daga aji ɗaya har aji shida, da makin ɗalibai na kowane zango, da karin maganar da na yi shekaru ina tsinta daga bakin tsofaffi a cikin Birni, a folda guda suke. Wata rana na kai filashi wani shagon buga takardu, na dawo gida na soka shi, sai fayilolina suka rikiɗe suka koma shotkot, ka danna su ƙi buɗuwa. Na kai wa mai gyara, ya ce bairos ne, sai an yi formatin. Na roƙe shi ya kwashe min kayana tukuna, ya ce to. Da na koma da yamma na tarar da kwamfuta tana gudu kamar sabuwa, folda kuwa ko sama ko ƙasa.

Ban riƙe mutumin a zuciya ba, domin abin da aka koya masa ke nan. A garin nan formatin shi ne jiƙon da ake ɗura wa kowace kwamfuta. Ta yi nauyi, formatin. Ta ƙi kama intanet, formatin. Ta nuna wani rubutu da ba a gane ba, formatin. Ba wanda ke tsayawa ya tambayi abin da ke damunta, kuma ni kaina a lokacin ban san ana iya tambaya ba.

A 2022, lokacin yajin aikin malaman jami'a da ya ɗauki wata takwas, ƙanena da ke karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yana zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi. Cikin watan Agusta, ana tsakiyar damina, ya same ni ina sake buga tambayoyin aji uku daga tsofaffin takardu, ya ce, "Yaya, ka bari in nuna maka wani abu. Ba zan taɓa maka komai ba." Ya soka filashinsa, ya kashe kwamfutar ya kunna yana danna F12, sai ga wata fuska da ban taɓa gani ba. Ya ce sunanta Linux Mint, kuma a kan filashin take tafiya, ba ta shiga faifan ajiyata ba, in an zare shi komai zai koma yadda yake. Wannan ne ya fara kwantar min da hankali, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na yi kwana uku ina wasa da ita a haka kafin in yarda a girka ta.

A cikin kwanakin nan uku ne ya riƙa ba ni labarinta. Wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyar tsarin Linux a 1991, ya sake ta kowa ya duba ya gyara. Mint da muke kallo an gina ta a kan Ubuntu, ita kuma Ubuntu, wadda ta fara fitowa a 2004, a kan Debian take. Abin da ya fi jan hankalina ba tarihin ba ne, a'a, cewa da ya yi ba sai na nemi lambar sata ba, ba kuma wani saƙo da zai riƙa fitowa a gefen allo yana cewa manhajata ba ta asali ba ce. Halas ce, kyauta ce, kuma wadda muka ɗora, Mint 21, za a ci gaba da aiko mata da gyara har 2027. Ya zaɓa min nau'in Xfce mara nauyi saboda kwamfutar tawa ta hannu ce, ram ɗinta giga 4 kacal. Fayil ɗin da ake girkawa da shi ya haura giga biyu, don haka da datar dare ya sauke shi, ya tashi ƙarfe goma sha biyu ya zauna yana gadinsa.

Ba mu goge Windows ba. Mun rage mata wuri ne muka zaunar da Mint a gefenta, in na kunna sai a tambaye ni wadda nake so. Muna gamawa matsalar farko ta bayyana: waifai ya ɓace gaba ɗaya, ko alamarsa babu. Zuciyata ta ce ga irinta nan. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya buɗe wata baƙar taga da ake rubuta umarni a ciki, ya rubuta lspci, sai ga jerin duk ƙananan na'urorin da ke cikin kwamfutar, har da sunan guntun da ke kama waifai. Ya ce direban wannan guntun, wato manhajar da ke sa shi aiki, ba ya cikin waɗanda ake girkawa kai tsaye, sai an sauko da shi daban. To da wane intanet, tunda waifai ɗin ne babu? Ya ɗauki kebul ɗin caji ya haɗa wayarsa da kwamfutar, ya kunna raba intanet ta kebul, nan take ta kama. Ya buɗe Driver Manager, ta nuna direban, ya danna, aka sake kunnawa, waifai ya dawo. Duka bai fi minti ashirin ba. Wannan dabara ta waya da kebul na yi amfani da ita a kan kwamfutocin mutane fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Da aka janye yajin aiki a watan Oktoba ya koma makaranta, amma kafin ya tafi ya kai ni wata majalisa a Samaru. Shagon wani mai gyaran kwamfuta ne mai sola, inda ranar Asabar bayan la'asar mutum shida zuwa goma kan taru a kan benci biyu. Akwai ɗalibai, akwai wani ma'aikacin asibiti da ke zuwa daga Shika, akwai mai shagon buga takardu daga Sabon Gari, sai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gyaran na'urori, wanda kowa ke kira Injiniya. Ba ƙungiya ba ce, ba shugaba ba kuɗin wata. Wanda ya sami data ya sauko da sabon abu sai ya zuba wa saura a filashi. Mai shagon yana da filashi guda da ya sa wa Ventoy, wadda ke ba ka damar tara Mint da Ubuntu da Debian a wuri ɗaya ka zaɓi wadda za ka tayar, kuma filashin nan ya zaga Zariya daga Palladan har Ƙofar Gayan.

Tambayata ta farko a majalisar a kan agogo ce. Duk lokacin da na fita daga Mint na shiga Windows sai in tarar agogo ya koma baya da awa ɗaya cur. Har na sayi sabon ɗan batirin agogo aka sa min, bai hana ba. Injiniya ya tambaye ni, "Awa ɗaya daidai, ko kuwa yana canzawa?" Na ce daidai. Ya ce to ba batiri ba ne, batirin da ya mutu ba ya ƙirga awa. Ya yi min bayanin cewa Linux tana saita agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma tana ɗaukar abin da ta tarar a matsayin lokacin gari, mu kuwa a Najeriya muna gaban UTC da awa ɗaya. Layi guda ya sa na rubuta, timedatectl set-local-rtc 1, magana ta ƙare. Na koma gida a kan babur ina ta juya abin a raina. Ashe yawan kuskuren ma shaida ne, in ka san abin da za ka tambaya.

Babbar jarrabawar ta zo ne a watan Disamba, cikin hunturu, ana sauran kwana huɗu mu miƙa sakamakon zango. Batirin kwamfutata ya daɗe da mutuwa, in an ɗauke wuta tare suke tafiya. Da daddare na ga alamar akwai sabuntawa, na danna ba tare da tunani ba, tana cikin girkawa aka ɗauke. Da asuba wuta ta dawo, na kunna, maimakon fuskar da na saba sai baƙin allo da wata kalma, initramfs, da ɗan layi yana ƙyaftawa. Jikina ya yi sanyi. Makin ɗalibai sama da ɗari biyu na ciki. Ranar Laraba ce, ba zan iya jiran Asabar ba, sai na kira Injiniya a waya bayan na idar da sallah.

Na ce, "Baba, kwamfutar ta mutu."

Ya ce, "Me ta ce?"

Na ce ba ta ce komai ba, baƙin allo ne kawai da rubutu.

Ya ce, "Malam, wadda ta mutu ba ta rubutu. Karanta min abin da ka gani, harafi-harafi."

Na karanta. Ya ce in rubuta exit in danna. Sai ga wasu layuka sun fito, kuma a cikinsu, da Turancin da ɗan aji uku zai iya karantawa, an ce ɓangaren faifan da ake kira /dev/sda5 yana buƙatar a duba shi da hannu da wani abu wai shi fsck. Ya ce to ka ga, ta gaya maka ciwon, ta gaya maka inda yake, ta kuma gaya maka maganin. Ya bayyana min cewa lokacin da wutar ta yanke, kwamfutar tana tsakiyar rubutu a faifai, sai lissafin inda kowane fayil yake ya rikice, ita kuma ta ƙi ci gaba don kada ta ƙara ɓata shi. Na rubuta fsck -y /dev/sda5, rubutu ya yi ta gudu na ɗan lokaci, na sake kunnawa, sai ga fuskar Mint, ga fayil ɗin makina yadda na bar shi. Na yi hamdala a fili har maiɗakina ta leƙo. Da na zo ƙarasa sabuntawar, sai wani saƙo ya fito yana cewa an katse aikin dpkg, mai girka manhajoji, in rubuta sudo dpkg --configure -a don a gyara. Wannan karon ban kira kowa ba. Na karanta, na rubuta, ya wuce.

Duk wanda zai gwada wannan ya lura, sda5 lambar ɓangaren faifaina ce, ta wani za ta iya zama daban, abin da allonsa ya nuna masa shi zai rubuta. Tun daga ranar ban ƙara yin sabuntawa a gida ba sai in janareta na aiki, galibi ma nakan bari sai Asabar in yi a shagon mai sola. Daga baya na tara kuɗi na sayi batiri, na kuma sauya tsohon faifan da SSD, sabon nau'in faifai, wanda ya sa kwamfutar ta fi sauri fiye da duk wani formatin da aka taɓa yi mata.

Tambayar nan ta Injiniya ita ce dokar majalisar ba tare da an rubuta ta ba. In mutum ya zo ya ce "ta ƙi yi", ba wanda zai taɓa kwamfutarsa sai ya faɗi abin da yake yi kafin ta ƙi, da abin da ya fito a allo, da abin da ya canza kwanan nan. Wanda ya turo tambaya ta waya, hoton allon ake nema, da kuma sakamakon inxi -Fxz, umarnin da ke zayyano duk abin da kwamfutar ta ƙunsa ya kuma ɓoye bayanan sirri. Da farko na ɗauka tsanani ne. Daga baya na ga sau da yawa mutum yana cikin karanta saƙon da ƙarfi sai ya tsaya a tsakiya, ya ce "au", ya gane da kansa. Haka kuma an hana mu kwafo umarni daga intanet mu liƙa ba mu san aikinsa ba, musamman wanda ya fara da sudo, domin sudo tamkar miƙa makullin gida ne gaba ɗaya. Wani yaro ya taɓa neman cire manhaja guda, aka jero masa abubuwa masu yawa da za su tafi tare da ita, bai karanta ba ya amsa, ya wayi gari ba fuskar kwamfuta sai baƙin allo. An gyara, amma ya ci mana yammaci guda da data mai yawa.

Data kam kullum tana cikin lissafinmu. A ma'ajiyar manhajojin Mint sau da yawa za ka ga manhaja ɗaya kashi biyu, ta tsarin da kuma ta Flatpak, ita ta biyun tana iya jawo ƙarin kaya na ɗaruruwan mega kafin ta zauna. Wanda bai duba girman ba sai ya ga datarsa ta wata ta tafi a zama ɗaya. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon: in fanka ta fara ƙara kwamfuta na kashe kanta, mukan duba zafinta da umarnin sensors, kuma galibi maganin buroshi ne da iska, ba manhaja ba.

Abin da ya sa na zauna daram a kan Linux, har na daina shiga ɗaya ɓangaren sai da dalili, shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Shekara da shekaru ina buga tambayoyin jarrabawa da k da d da b tsurarsu, in an buga a takarda in bi da biro ina yi musu ƙugiya ɗaya bayan ɗaya kafin a kai fotokwafi. Malamin da ke koya wa yara bambancin kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da daki da ɗaki, bai kamata takardarsa ta rasa wannan bambanci ba. Abin yana min ciwo ƙwarai, ganin a garin nan ne aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ashe a cikin jerin tsarin madannai da ke zuwa da Mint akwai na Hausar Najeriya, ba sai an sauko da komai ba, ƙara shi kawai za ka yi. Akwai kuma wata hanya da ma'aikacin asibitin nan ya koya min: ka danne Ctrl da Shift da U tare, ka rubuta lambar harafin, ka danna Enter. Lambar ƙ ita ce 199, ta ɗ 257, ta ɓ 253, manyansu kuma 198 da 18a da 181. Na rubuta su a ɗan kati na manna a gefen madannai har na haddace. Harafi na huɗu, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa da lanƙwasa, mu a nan da 'y muke rubuta shi, don haka bai dame ni ba.

Sai dai rubuta harafin daban, fitowarsa a takarda daban. Karo na farko da na kai fayil shagon bugawa, duk inda ƙ take sai ta fito da wata siffa dabam da sauran haruffan, shafukan ma suka goce, tambaya ta goma ta tsallaka shafi na gaba. Dalilin shi ne salon rubutun da na yi amfani da shi a LibreOffice, manhajar da nake rubutu da ita, babu shi a kwamfutar shagon, sai ta musanya shi da wani. Mai shagon Sabon Gari ne ya ce min in daina kai fayil ɗin da ake iya gyarawa, in mayar da shi PDF tun daga gida, domin PDF yana tafiya da salon rubutunsa a cikinsa. Don haruffanmu kuwa Charis SIL da Noto da DejaVu duk suna fitar da su tsaf. Ɗaliban da ake ce wa lallai kundinsu ya kasance da Times New Roman, akwai ƙunshin ttf-mscorefonts-installer da ke sauko da shi, ko su yi aiki da Liberation Serif wanda faɗin haruffansa daidai yake da nasa, shafi ba zai goce ba. Shi kuma bairos ɗin shotkot da ya jawo min asarar farko, yanzu in na dawo da filashi daga shago ina ganin fayilolinsa a zube, ba sa iya tashi a Linux, in goge su in ci gaba da aikina. Malaman makarantarmu har sun saba kawo min filashinsu in wanke musu.

Wannan sabo ne ya kai ni ga kuskuren da ya fi kowanne nauyi a wurina. A 2023 wata malama da muke aiki tare, babbar mace da nake girmamawa, ta ga yadda kwamfutata ke tafiya ta ce in sa mata irinta. A lokacin na fara jin na iya. Ban kai ta majalisa ba, na ce zan yi mata a ɗakin malamai lokacin tara. Na tambaye ta, "Hajiya, kin kwashe kayanki?" Ta ce, "Suna D, Malam, ai ko an yi formatin ba a taɓa D." Haka muka saba gani a wurin masu gyara, a goge C a bar D, ni ma sai na amsa da to. Da na zo wurin zaɓi, zaɓin girkawa a gefen Windows bai fito ba. Maimakon in tsaya in tambayi dalili, sai na danna wanda ya ce a goge faifai a girka Mint. An nuna min gargaɗi, an jero ɓangarorin da za a shafe. Ban karanta ba. Ni da na kwashe shekara ana koya min karatun allo, ranar ban karanta ba, saboda an kusa kaɗa ƙararrawa.

C da D ba faifai biyu ba ne. Faifai ɗaya ne aka raba, kuma zaɓin da na danna duka yake sharewa. Da aka gama ta ce in nuna mata inda hotunan bikin 'yarta suke, da na mahaifiyarta da ta rasu. Na duba, na sake dubawa, na ji gumi yana keto min. Na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Allah ya ƙaddara, Malam, kada ka damu." Da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi. Abin da mai gyara ya yi min, shi na yi mata da hannuna.

Na kira Injiniya, abin da ya fara cewa shi ne in kashe kwamfutar nan take kada in ƙara kunna ta, domin fayil ɗin da aka goge yana nan kwance a faifai har sai an rubuta wani abu a kansa, kuma duk minti ɗaya da take kunne ana rubutawa. Bai yi min faɗa ba, ya dai ce in kawo ta. A shagon muka tayar da ita daga filashi, muka sauko da testdisk, muka yi amfani da PhotoRec da ke cikinsa, wanda ke bin faifai lungu-lungu yana tsinto duk abin da ya yi kama da hoto ko takarda, muna zubawa a wani faifan waje da mai shagon ya ara mana. Ya kwana yana aiki har washegari da azahar. Mun sami hotuna da yawa, har da mafi yawan na bikin da wasu na marigayiyar. Waɗanda sabon tsarin ya hau kansu sun tafi har abada. Waɗanda suka dawo ma ba suna ba folda, lambobi ne kawai, a cakuɗe da dubban ƙananan hotuna marasa amfani. Na yi mako biyu ina tsince su da daddare kafin in mayar mata. Injiniya ya ce mai yiwuwa abin da ya ɓoye zaɓin farko shi ne Windows ɗin ba ta mutu gaba ɗaya ba, saboda tsarinta na saurin tashi da ke barin faifai a kulle, wanda kashe shi bai fi minti biyu ba.

A nan ne kuma na gane wani abu game da Timeshift, manhajar da ke ɗaukar hoton tsarin don a koma baya in sabuntawa ta ɓata wani abu. Na daɗe ina zaton tana adana min komai. Ba haka ba ne, a yadda take zuwa fayilolin tsarin kawai take kula da su, ba ta ɗaukar takardun mutum da hotunansa. Yanzu duk ranar Juma'a nakan kwafi foldar aikina a faifan waje, wanda ke zaune a cikin akwati, ba a jakar kwamfuta ba.

Na kuma daina yi wa mutane tallar Linux kamar da. Akwai wanda ba ta dace da shi ba, kuma gaskiya ce a gaya masa. Mai shagon da abincinsa ke kan CorelDRAW, ko wanda ke rajistar jarrabawa da na'urar ɗaukar hoton yatsa da manhajarta ta Windows ce, ba na ce masa ya sauya. Ɗalibin da malaminsa ya ce lallai da wata manhajar lissafi ta musamman zai yi nazarin bayanan kundinsa, nakan nuna masa PSPP da jamovi da R, amma in ce ya fara jin ta bakin malamin. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet da kallo da karatu, kamar ni da mafi yawan malamai, shi ne zai ji daɗinta.

Tun da Microsoft ta daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu zuwa majalisar sun ƙaru, domin Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da sabbin na'urori, yawancin kwamfutocin hannu da ke garin nan kuwa sun girme ta. An ƙaro benci na uku. Bayan abin da ya faru da Hajiya na kawo shawara aka karɓa: ba ma girka wa kowa komai sai ya kwashe fayilolinsa a wani wuri, ya buɗe su a wata kwamfutar a gabanmu mun gani, kuma shi mai kayan ne zai karanta allon gargaɗin da ƙarfi kafin a danna. Asabar ɗin da ta wuce wani ɗalibin shari'a ya zo daga harabar jami'a ta Kongo da kwamfutarsa, yana sauri, ya ce kundinsa na D, ba abin da zai same shi. Na ce masa, "Ɗan'uwa, zauna in ba ka labari." Ya saurara har ƙarshe, ya mayar da kwamfutar cikin jaka, ya tambayi inda zai sami filashi mai giga 32 na gaske a unguwar PZ. Mai shagon ya kwatanta masa. Ya ce zai dawo Asabar mai zuwa bayan la'asar.